Jinkirin Manhaja da Haƙƙin Wanda Ya Riga Ya Biya

Ranar 7 ga Maris, 2025, kamfanin Apple ya fitar da wata gajeriyar sanarwa ta bakin mai magana da yawunsa. Abin da ta ƙunsa shi ne sabuwar Siri, mataimakiyar nan da ake yi wa magana a wayar iPhone, ba za ta fito a lokacin da aka sa rai ba. Aikin ya fi yadda suka zata, suna fatan kammala shi cikin shekara mai zuwa. Shugaban kamfanin bai fito ya faɗa da bakinsa ba, ba a kuma kira taro ba. 'Yan jimloli aka miƙa wa wasu marubutan harkar fasaha, daga wurinsu labarin ya bazu.

Wata tara kafin nan, a babban taron kamfanin na Yunin 2024, an nuna wa duniya wannan Siri ɗin kamar gobe za ta shiga hannun mutane. Aka nuna mace tana tambayar wayarta ƙarfe nawa jirgin mahaifiyarta zai sauka, waya ta leƙa saƙonninta ta tsamo amsa. Da Satumba ta zo aka fara sayar da iPhone 16, aka saki talla mai ɗauke da Bella Ramsey, fitacciyar fuska a finafinan Ingila da Amurka, tana tambayar Siri sunan wani mutum da suka taɓa haɗuwa a wani gidan shan kofi watanni da suka wuce, Siri ta tuna mata kafin mutumin ya ƙaraso. Babu wayar da aka sayar a lokacin da take iya yin haka. Bayan sanarwar Maris kamfanin ya janye tallan, masu saye kuma suka kai ƙara kotu a jihar Kalifoniya, suna cewa an sayar musu da abin da babu shi.

Tsakanin ranar da wayar ta shiga kasuwa da ranar sanarwar akwai wata biyar da ɗoriya. A ganina duk nauyin maganar yana cikin waɗannan watanni. A cikinsu ne miliyoyin mutane suka ciro kuɗi, waɗansu suka ajiye tsohuwar wayar da ba ta yi komai ba, suka ɗauki sabuwa.

Shi jinkirin kansa ba abin zargi ba ne. Duk wanda ya taɓa zama kusa da masu rubuta manhaja ya san ƙiyasin lokaci ne abu mafi wuya a sana'arsu. Kusan kowane aiki da suka sa a gaba sabo ne, don wanda aka taɓa yi kwafarsa kawai ake yi. Kuskure guda yana iya laɓewa cikin dubban layuka, ya ƙi bayyana sai an haɗa ɓangarori biyu da kowanne yake aiki lafiya shi kaɗai. Gyaransa yana iya cin awa ɗaya, yana iya cin wata biyu, kuma ba a sanin wanne ne sai an gano shi. Fred Brooks, wanda ya jagoranci aikin babbar manhajar OS/360 a kamfanin IBM a shekarun 1960, ya bayyana tun 1975 cewa tura ƙarin ma'aikata kan aikin da ya makara ba ya ceto shi, don tsofaffin hannaye za su bar nasu aikin su koma koyar da sababbi. Microsoft, da duk kuɗinsa, sai da ya ajiye babban ɓangare na aikin da ya yi a kan magajin Windows XP a 2004 ya sake shiri, Windows Vista ba ta isa hannun jama'a ba sai Janairun 2007. Wanda ke son kamfanoni su daina makara yana neman abin da ba zai samu ba. Abin da za a iya nema shi ne su faɗa, su faɗa da wuri, kuma su faɗi ainihin halin da kayan ke ciki.

Kamfanonin suna da hujjojinsu na kame baki, kuma ba duka ne na banza ba. Akwai tsoron abokan gasa, waɗanda da sun ji inda kake ɗingishi nan za su danna. Akwai masu hannun jari, da sanarwa ɗaya ke iya firgita su darajar kamfani ta faɗi cikin yini guda. Akwai kuma tsohon labarin da 'yan kasuwar kwamfuta ke tsorata juna da shi, na kamfanin Osborne a Amurka. A 1983 mai kamfanin, Adam Osborne, ya yi ta yabon sababbin kwamfutocinsa tun ba su fito ba, dillalai suka ja baya daga sayen wadda ke ƙasa, kafin ƙarshen shekarar kamfanin ya durƙushe. Masu bin tarihin sun nuna cewa gasa da rashin iya tafiyar da kuɗi ma sun taka rawa, amma labarin ya zauna a zukatan manajoji. Sai dai in aka duba da kyau, darasin Osborne gargaɗi ne a kan saurin yin alkawari. Babu inda ya ce in ka riga ka yi alkawarin, ka karɓi kuɗi a kansa, ka ɓoye cewa ba za ka iya cikawa ba.

Hujjar da ta fi taɓa ni ita ce ta ma'aikata. Lokacin da aka ɗage fitowar wasan bidiyo na Cyberpunk 2077 a Oktoban 2020, wasu daga cikin masu aikin sun fito sun ce ana aiko musu da barazanar kisa. Mutum yana zaune yana gyaran kurakurai dare da rana, wani da bai san shi ba ya aiko masa da irin wannan saƙo saboda wasa ya makara da sati uku. Wannan mugun hali ne, kuma manajan da ya ga an yi wa mutanensa haka ba za a yi mamaki ba in ya ƙudurta cewa nan gaba shiru zai yi. Amma labarin wannan wasan, in aka bi shi daki-daki, wani abu daban yake koyarwa.

Kamfanin CD Projekt na ƙasar Polan ne ya yi shi. A 2019 suka sa ranar 16 ga Afrilu, 2020. A Janairu suka ɗage zuwa 17 ga Satumba, a Yuni suka ɗage zuwa 19 ga Nuwamba, a ƙarshen Oktoba suka sake ɗagewa zuwa 10 ga Disamba. Kowane ɗagi da sanarwarsa, rubutacciya a kan shafi ruwan ɗorawa, da sa hannun shugabanni da ban haƙuri. Wanda ya kalli wannan kaɗai zai ce ga kamfani mai buɗe ciki, don sau uku ya fito ya ce bai gama ba. Mutane miliyan 8 suka biya tun wasan bai fito ba.

Abin da ba a faɗa musu ba shi ne yadda wasan yake a kan tsofaffin na'urori, wato PlayStation 4 da Xbox One, waɗanda su ne a ɗakunan masu saye da yawa. Masu sharhin wasanni da aka ba su dama su gwada kafin fitowa, na kwamfuta kaɗai aka ba su, aka kuma hana su nuna hoton bidiyon da suka ɗauka da kansu, sai wanda kamfani ya bayar. 'Yan makonni kafin ranar, wani shugaban kamfanin ya shaida wa masu zuba jari cewa wasan yana tafiya da kyau a tsofaffin na'urorin fiye da yadda aka zata. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Da mutane suka kunna, hoto yana sarƙewa, motoci da mutane suna ɓacewa a tsakiyar titi, wasan yana mutuwa ana cikin yi. Kwana huɗu bayan fitowa kamfanin ya nemi afuwa, ya amsa cewa bai nuna wa masu saye wasan a kan waɗannan na'urori ba. Kimanin mako ɗaya bayan fitowar wasan kamfanin Sony, mai PlayStation, ya cire shi daga shagonsa na intanet, abin da ba a saba gani ba ga wasa mai girma haka, bai mayar da shi ba sai Yunin 2021. Masu hannun jari a Amurka suka kai ƙara, aka sasanta a kan dala miliyan 1.85.

Ke nan sanar da cewa rana ta matsa abu ɗaya ne, faɗin halin da kaya ke ciki wani abu ne. CD Projekt ya yi na farko har sau uku, ya guje wa na biyu. Da sun ce na kwamfuta ya kammala, na tsofaffin na'urori yana buƙatar ƙarin watanni, wanda ya biya yana iya jira ko ya karɓi kuɗinsa, da an yi musu ihu na mako ɗaya an wuce. Tsoron ɗagi na huɗu ya sa suka saki abin da bai nuna ba. Ma'aikatan da ake cewa shiru yana kare su kuwa, su ne aka tilasta wa aikin kwana shida a mako a watannin ƙarshe, duk da alkawarin da aka yi musu a baya cewa ba za a tilasta ba, kuma su ne suka ga ana zagin aikinsu a duniya.

Malamanmu na fiƙihu sun daɗe da tsefe irin wannan ciniki. Sun halatta mutum ya biya kuɗi yanzu a kawo masa kaya daga baya, abin da suke kira salam, amma da sharaɗin a siffanta kayan yadda ba za a yi gardama ba, a kuma san ajalin kawowa. Sun haramta ɓoye aibin haja, suka ba mai saye damar mayarwa in ya gano aibin da aka rufe masa. Hikimar a fili take. Wanda ya ba da kuɗinsa kafin ya ga kaya ya sa kansa a hannun mai sayarwa, ba shi da ido sai bakin mai sayarwar. Dokokin kare masu saye na ƙasashen Turai da Amurka, da harshensu daban, wurin nan suke zagayawa. Da wannan ma'auni nake ganin ya dace a auna yawan bayanin da ke kan kamfani: me mai saye ya riga ya zuba saboda alkawarin? In bai zuba komai ba, kamfani yana da 'yancin yin shiru har ranar da ya shirya. In ya ba da kafin alƙalami, ko ya sayi na'ura, ko ya tsara kasuwancinsa a kan ranar da aka ba shi, to labarin jinkirin nasa ne tun ranar da kamfanin ya tabbatar a cikin gida.

Kowa ya san telan da aka kai wa shadda saura wata guda Sallah. Ya karɓa, ya gwada, ya rubuta suna a jikin leda ya jefa kan tulin da ya kai rabin bango. Saura kwana goma shi ya san ba zai kai ga wannan ledar ba, amma in ka leƙo sai ya ce an yanka, saura aiki, ka dawo jajibere. Da ya faɗa a ranar, da ka ɗauki yadinka ka kai wani shago. Asarar da ya jawo maka ta kwana goman nan ce, lokacin da kake da zaɓi shi kuma ya riƙe labarin da za ka yi zaɓin da shi.

Akwai kamfanonin da suka yi abin da ya kamata, kuma abin lura shi ne Apple ɗin nan yana cikinsu. A Afrilun 2007 ya sanar cewa manhajar kwamfutocinsa mai suna Leopard, wadda aka sa ran ganinta a Yuni, ba za ta fito ba sai Oktoba. Ya faɗi dalili ɓaro-ɓaro: an kwashe wasu injiniyoyi da masu gwaji an kai su aikin iPhone ta farko. Masu kwamfutar Mac ba su ji daɗin jin cewa an fifita waya a kansu ba, amma sun san abin da ya faru, sun san sabuwar rana, kuma ranar 26 ga Oktoba manhajar ta fito. Sanarwar ta zo wata biyu kafin ajali, lokacin da makaranta ko ofishin da ke shirin sayen kwamfutoci zai iya sake lissafi.

Na Nintendo ya fi wannan ɗaci. A 2017 kamfanin na Japan ya sanar da wasan Metroid Prime 4. A Janairun 2019 babban jami'insa Shinya Takahashi ya fito a bidiyo, ya tsaya shi kaɗai gaban kyamara, ya ce aikin da aka yi bai kai matsayin da suke so ba, sun ajiye shi gaba ɗaya, za a faro daga tushe tare da kamfanin Retro Studios, kuma za a daɗe ba a sake jin labari ba. Bai ba da rana ba, don ba shi da ita. Masoya wasan da aka zaci za su tayar da ƙura, yawancinsu godiya suka yi. Wasan bai fito ba sai ƙarshen 2025. Shekarun sun yi yawa, amma babu wanda zai ce an yaudare shi a cikinsu.

A nan akwai wani abu da masu neman a buɗe komai sukan manta. Yawan magana ba shi ne gaskiya ba, wani lokaci ma shi ne mafarin matsalar. Sean Murray, shugaban ƙaramin kamfanin Hello Games a Ingila, ya yi ta hira da 'yan jarida yana zayyana abubuwan da wasansu No Man's Sky zai ƙunsa, yana faɗin buri kamar an riga an gama. Da wasan ya fito a Agustan 2016 babu da yawa daga ciki. Sai suka rufe baki na kusan wata uku, suka koma aiki, suka shiga sakin gyare-gyare kyauta shekara bayan shekara, ba sa sanar da abu sai ya kusa fita. Mutuncinsu ya dawo. Ba na yaba shirun watanni ukun nan, don waɗanda suka biya sun cancanci jin wani abu, amma sabuwar ɗabi'ar da suka ɗauka daidai ce. Haka kuma akwai abubuwan da ba na mai saye ba ne: sunan ma'aikacin da ya yi kuskure, rigimar cikin gida, sirrin ƙira, ko bayanin wata kafa ta tsaro da ɓarayin intanet za su iya bi kafin a toshe ta. Abin da yake nasa kaɗan ne, kuma ba shi da wuyar faɗa. Wane ɓangare ne ba zai zo ba, me ya sa a taƙaice, akwai sabuwar rana ko babu, kuma me zai iya yi da kuɗinsa a halin yanzu.

Batun sabuwar rana nan ne kamfanoni suka fi faɗawa rami. Suna jin kunyar cewa ba su sani ba, sai su jefo wata rana don a sarara musu, ita ma ta zo ta wuce. Tesla ne babban misali. A Oktoban 2016 shugabansa Elon Musk ya ce kafin ƙarshen 2017 motar kamfanin za ta tuƙa kanta daga gaɓar yammacin Amurka zuwa ta gabas ba tare da direba ya taɓa komai ba. A Afrilun 2019 ya ce a 2020 za a sami tasi miliyan ɗaya marasa direba a kan titi. Duk tsawon lokacin kamfanin yana sayar da manhajar cikakken tuƙin kai ga masu motoci, farashinta ya kai dala 15,000 a 2022. A Janairun 2025 Musk ya amsa cewa kwamfutar da ke cikin motoci da yawa da aka sayar a baya sai an sauya ta kafin alkawarin ya cika ga waɗanda suka biya. Ba wanda zai ce Musk mai shiru ne. Yana magana kullum. Amma ranar da aka bayar ba tare da injiniyoyin da ke aikin sun yarda da ita ba, talla ce, kuma wanda ya biya dala dubbai a kanta ya yi cinikin biri a sama.

Mu koma kan Siri. A Yunin 2025 shugaban sashen manhaja na Apple, Craig Federighi, ya zauna da 'yan jarida ya yi bayanin da ya fi sanarwar Maris nauyi nesa ba kusa ba. Ya ce sun gina abin a kan wani tsari na farko, yana aiki amma ba ya ba da amsa daidai gwargwadon yadda za a dogara da shi, suka ga dole a koma kan sabon tsari. Bayani ne mai ma'ana, kuma duk wanda ya san yadda ƙirƙirarriyar basira ke yin kuskure da ƙarfin hali zai fahimta. Mataimakiyar da za ta gaya maka jirgin mahaifiyarka zai sauka ƙarfe huɗu alhali ƙarfe biyu ne, gara babu ita. Shawarar riƙe ta daidai ce. Abin da ba daidai ba shi ne yin talla da ita tun tana ɗakin gwaji, da barin tallan yana yawo har wata biyar ana sayar da waya, sannan bayanin ya biyo baya da wata uku.

Masu saye a Amurka suna da lauyoyi da kotunan da ke karɓar ƙarar taron dangi, suna iya samo wani abu ko da kaɗan ne. Tallan kuwa bai tsaya a Amurka ba. Ya shiga YouTube da TikTok da Instagram, matashi a Kano ya gani, ya tara kuɗi ko ya sayar da wayarsa ya cika, ya nufi kasuwar Farm Centre. Apple ba shi da shago nasa na kansa a Najeriya, ɗan kasuwar da ya sayar masa kuma bai yi masa alkawarin Siri ba, don haka ba shi da wanda zai riƙe. Duk wani sasanci da za a yi a kotun Kalifoniya, da wuya ya iso gare shi. Shi da irinsa a Yamai da Kumasi da Garwa, kariyarsu ɗaya ita ce kamfanin ya janye tallan a makon da ya gane aikin ba zai kammala ba, ya rubuta a fili a shafin wayar cewa wannan ɓangaren bai iso ba kuma babu ranar zuwansa, tun kuɗin yana aljihunsu.